Suna Huɗu, Mutum Ɗaya: Yadda Ake Shimfiɗa Jadawali a Python

Kuskuren da ya fi cutar da mai aiki da alƙaluma shi ne wanda ba ya ihu. Idan ka ba kwamfuta umarnin da ba ta gane ba, nan take za ta tsaya cak, ta watso maka jan rubutu, har ta nuna maka layin da ka yi tuntuɓe. Wannan abokin gaba ne mai sallama, ka ga zuwansa, ka gyara zama. Wanda ake tsoro shi ne umarnin da kwamfuta ta karɓa hannu bibbiyu, ta aiwatar da shi daidai yadda aka rubuta, ta miƙo maka sakamako tsaf-tsaf, alhali abin da ka rubuta ya saɓa wa abin da kake nufi. A yaren Python, ɗaya daga cikin irin waɗannan kurakurai yana ɓoye ne a inda ba wanda zai yi zato, wato wajen shimfiɗa jadawali fanko, tun kafin a zuba masa lamba ko ɗaya.

Ni aikin jarida na karanta, kuma babu wani darasi a jami'a da ya haɗa ni da rubuta manhaja. Sakamakon zaɓe ne ya kai ni. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809, kuma a zaɓen 2023 rumfunan zaɓe sun kai 176,846. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun shekarar, 'yan takara 18 ne a kan takardar ƙuri'a. Ko a matakin ƙaramar hukuma kaɗai ka tsaya, kana maganar gurabe 13,932 da za a cika, a tara, a kwatanta. Ɗan jaridar da ke son ya faɗi abin da ya wuce “wane ya lashe” dole ya nemi abin da zai riƙe masa waɗannan lambobi. Da yawa daga cikinmu Python muka kama, yaren da Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a 1991, saboda ana iya karanta umarninsa kusan kamar jimla. Wannan sauƙin ne ke jawo sabon shiga, kuma shi ne ke sa ya saki jiki.

Jeri cikin jeri

A Python, idan kana son tara abubuwa wuri ɗaya bi da bi, sai ka zuba su cikin baka biyu masu kusurwa, ka raba su da waƙafi. Wannan shi ne jeri. Ga jeri mai gurbi uku, kowanne ɗauke da sifili:

```
sahu = [0, 0, 0]
```

Jadawali kuwa, irin wanda muka saba gani a Excel, jeri ne wanda kowane abu da ke cikinsa shi ma jeri ne. Babban jeri yana riƙe da sahu-sahu, kowane sahu yana riƙe da gurabe. A ce muna son ƙananan hukumomi huɗu na cikin birnin Kano, Dala da Fagge da Gwale da Tarauni, da jam'iyyu uku. Sahu huɗu ke nan, kowanne da gurbi uku. Tun da sakamako bai iso ba, sai mu shimfiɗa jadawalin da wata ƙima ta riƙon ƙwarya, mu jira.

Rubuta sifili goma sha biyu da hannu ba wahala. Rubuta 792, wato ƙananan hukumomin Kano 44 sau jam'iyyu 18, wani abu ne daban. Python ta tanadi gajeriyar hanya: alamar ninkawa. Idan ka rubuta `[0] * 3`, za ka samu `[0, 0, 0]`. Mai hankali da ya ga haka zai ce, to, tun da an ninka sifili an samu sahu, sai a ninka sahu a samu jadawali:

```
jadawali = [[0] * 3] * 4
```

Ka ce wa kwamfuta ta nuna maka abin da ta gina, za ta nuna sahu huɗu, kowanne da sifili uku, babu abin da ido zai ƙi. Yanzu a ce sakamakon Dala ya fara shigowa, jam'iyya ta biyu ta samu ƙuri'u 250, a matsayin misali. Python daga sifili take fara ƙirga, saboda haka Dala ita ce sahu na 0, jam'iyya ta biyu kuma gurbi na 1:

```
jadawali[0][1] = 250
print(jadawali)
```

Ga abin da zai fito:

```
[[0, 250, 0], [0, 250, 0], [0, 250, 0], [0, 250, 0]]
```

Dala kaɗai aka ba ƙuri'u, amma Fagge da Gwale da Tarauni duk sun samu. Kwamfuta ba ta yi gargaɗi ba, domin a wurinta babu laifin da aka yi.

Garba da Habu

Don a gane abin da ya faru, sai a koma gida. A ƙasar Hausa, yaron da aka raɗa wa suna Abubakar ba ya rasa sunaye. Kakarsa tana ce masa Garba, abokansa suna ce masa Habu, a makaranta Sadiƙ ne, mahaifiyarsa kuwa, idan ɗan fari ne, ba ta kama sunansa sam, sai ta ce “yaron nan”. Baƙon da aka ba shi waɗannan sunaye a rubuce zai ɗauka yara huɗu ne a gidan. Amma ranar da wanzami ya yi wa Garba aski, Habu ma zai fito da kai ƙwal, haka Sadiƙ, haka “yaron nan”. Wanzami bai yi aski huɗu ba. Kai ɗaya ya taɓa.

Haka Python take aiki. Duk abin da ka ƙirƙira, lamba ce ko jeri ko rubutu, yana zaune a wuri ɗaya cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Suna kuma igiya ce kawai da aka ɗaura masa don a riƙa jawo shi. Gurbin da ke cikin jeri ma haka yake, igiya yake riƙe da ita zuwa ga abin. Alamar ninkawa igiyoyi take ninkawa, ba ta sake ƙera abin da ke ƙarshensu. A umarnin da muka rubuta, `[0] * 3` sau ɗaya tak aka aiwatar da shi, sahu ɗaya aka gina. Sannan `* 4` ta zo ta ɗaura wa wannan sahu igiya huɗu, ta jera su. Dala da Fagge da Gwale da Tarauni sun zama Garba da Habu da Sadiƙ da “yaron nan”.

Mai lura zai yi tambaya a nan: idan haka ne, me ya sa `[0] * 3` bai kawo matsala ba? Ai shi ma igiya uku ce zuwa ga sifili ɗaya. Gaskiya ne. Bambancin yana ga irin abin da aka ɗaura wa igiyar. A Python akwai abubuwa masu sauyuwa, akwai marasa sauyuwa. Lamba ba ta sauyuwa, haka rubutu. Babu umarnin da zai mayar da sifili ya zama 250. Idan ka ce gurbi na 1 ya zama 250, abin da ke faruwa shi ne a kwance igiyar wannan gurbi daga jikin sifili, a ɗaura ta a jikin 250, sauran gurabe biyu su ci gaba da riƙon sifilinsu. Jeri kuwa mai sauyuwa ne. Ana iya shiga cikinsa a canja wani gurbi, shi kuma ya ci gaba da zama jerin da yake, kuma duk mai riƙe da igiyarsa zai ga canjin. Umarnin `jadawali[0][1] = 250` yana da mataki biyu: a bi igiya ta farko a isa ga sahu, sannan a shiga cikin sahun a yi gyara. Tun da sahun ɗaya ne, gyaran na kowa ne.

Masu Python da gangan suka tsara ta haka, kuma suna da hujja. Da a ce duk lokacin da aka ba jeri sabon suna, ko aka miƙa shi daga wani sashe na manhaja zuwa wani, sai an kwafe shi gaba ɗaya, da jadawalin rumfuna 176,846 ya riƙa haihuwar kansa har ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika. Ƙa'idar ita ce ba a kwafa sai an ce a kwafa. Littafin jagorar Python na hukuma ya yi gargaɗi a kan wannan tarko musamman, har ya ba shi wuri a sashen tambayoyin da aka fi yi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan waɗanda suka bi ta kansa.

Ɓarnar da yake yi

Wani zai ce ai kuskure ne bayyananne, da zarar ka ga 250 sau huɗu za ka gane. A jadawali mai sahu huɗu, haka ne. A jadawali mai sahu 44 ko 774, wanda manhaja ke cikawa da kanta daga wani fayil, ba kowa ke tsayawa ya kalli cikinsa ba. Jimilla ake kallo. Kuma ɓarnar tana zuwa da fuska biyu, gwargwadon yadda ake zuba lambobin.

Idan manhajar tana rubuta sakamakon kowace ƙaramar hukuma a kan gurbinta, to kowane sabon sakamako zai goge na baya. Ka fara daga Ajingi ka ƙare a Wudil, sai ka tarar jihar Kano gaba ɗaya ta zama Wudil sau 44. Duk wanda ya ci Wudil ya cinye jiha.

Fuska ta biyu ta fi wayo. Idan manhajar tarawa take yi, wato tana ƙara ƙuri'un kowace rumfa a kan abin da ke gurbin, to sahu ɗayan nan zai tattara ƙuri'un jiha duka. Kowace ƙaramar hukuma za ta nuna jimillar jiha. Ka haɗa sahu 44, kowace jam'iyya ta samu ninki 44 na ƙuri'unta na gaskiya. Abin lura shi ne, tun da an ninka kowa daidai wa daida, kason kowace jam'iyya cikin ɗari zai fito daidai, wanda ya ci kuma shi ne zai fito a sama. Ɗan jaridar da ya gwada kason da abin da hukumar zaɓe ta sanar zai ga sun yi daidai, hankalinsa ya kwanta. Daga nan sai ya zana taswirar da ke nuna cewa ɗan takara ɗaya ya lashe kowace ƙaramar hukuma da rata iri ɗaya. A ƙasar da alƙaluman zaɓe ke iya tayar da gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na taɓa ganin wannan da idona a teburin wata ƙanwata a wurin aiki, wadda ta fara koyon Python ba da jimawa ba. Tana gwaji ne da tsohon sakamako, ba aikin bugawa ba. Sai na ji ta ce, “Yaya, zo ka ga ikon Allah. Na sa wa Dala ƙuri'u, sun ɓulla a Fagge.” Ta riga ta shafe fiye da awa ɗaya tana bin layukan da ke zuba lambobi, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Na ce mata, “Bari wajen zubawa, koma wajen shimfiɗa.” Ta ce, “Ai can babu komai, sifili ne kawai.” Wannan amsa tata ita ce dalilin da tarkon ke kama mutane. Ciwon yana fitowa a layi na hamsin, tushensa yana layi na biyu, a wurin da kowa ke ganin ya fi ƙarfin a yi kuskure.

Yadda ake shimfiɗawa

Maganin shi ne a tilasta wa kwamfuta ta gina sabon sahu a kowane zagaye. Hanya mafi bayyana ga sabon shiga ita ce wannan:

```
jadawali = []
for _ in range(4):
    jadawali.append([0] * 3)
```

An fara da jeri fanko, sannan aka ce a zagaya sau huɗu, a kowane zagaye a gina sahu a liƙa shi a ƙarshe. Da yake `[0] * 3` yana cikin zagayen, sau huɗu za a aiwatar da shi, sahu huɗu za a haifa, kowanne da ransa. Ɗan layin nan `_` suna ne da masu Python suka saba ba abin da ba su da niyyar amfani da shi, a nan lambar zagayen.

Sai dai a kula. Wanda ya gina sahun a waje, ya ce `sahu = [0] * 3` tun kafin zagaye, sannan ya riƙa liƙa `sahu` a ciki, ya koma gidan jiya. Sahu ɗaya ya gina, igiya huɗu ya ɗaura.

Tun daga Python 2.0 da ta fito a shekarar 2000, akwai salon da ke dunƙule wannan zagaye cikin layi ɗaya, kuma shi ne za ka fi gani a rubutun ƙwararru:

```
jadawali = [[0] * 3 for _ in range(4)]
```

Ka karanta shi kamar jimla: a gina `[0] * 3`, sabo, a kowane ɗaya daga zagaye huɗu. A ido, tazarar da ke tsakaninsa da umarnin da ya ɓata mana aiki 'yan kalmomi ne. A ma'ana, wancan suna huɗu ne, wannan mutum huɗu ne.

Yaya za ka tabbatar? Python tana da tambayoyi biyu da sabon shiga ke ɗauka ɗaya ne. Alamar `==` tana tambayar ko abubuwa biyu sun yi kama. Kalmar `is` tana tambayar ko abu ɗaya ne. A jadawali fanko, mai lafiya da mara lafiya, `jadawali[0] == jadawali[1]` zai amsa da `True`, wato eh, domin sifili uku sun yi kama da sifili uku. Amma `jadawali[0] is jadawali[1]` zai ce `True` a mara lafiya, ya ce `False` a mai lafiya. Bahaushe ya riga ya raba waɗannan tambayoyi biyu tun da daɗewa da ya ce kama da wane ba ta wane. Ni na mayar da shi al'ada: duk jadawalin da na shimfiɗa, kafin in zuba masa komai, sai na yi masa wannan tambaya, ko in canja gurbi ɗaya in duba ko maƙwabta sun motsa. Daƙiƙa goma ce.

Wanda ya gane wannan zai fara ganin dangin tarkon a ko'ina. Idan ka kwafi jadawali da `.copy()` ko da `[:]`, babban jerin kawai aka sabunta, sahu-sahun ciki na nan haɗe da na asali, ka gyara kwafi ka ɓata tushe. Mai kwafa har ƙasa shi ne `deepcopy` da ke cikin kundin `copy`. Shi ma yana da iyaka, domin amana yake riƙewa: ka ba shi jadawalin da sahunsa ɗaya ne mai suna huɗu, zai dawo maka da sabon sahu ɗaya mai suna huɗu. Ba ya warkar da abin da aka haifa da ciwo. Haka kuma `dict.fromkeys`, idan ka ba shi sunayen ƙananan hukumomi ka ce kowace ta fara da jeri fanko, jeri ɗaya zai raba musu duka. A JavaScript, `Array(4).fill([])` irin wannan halin gare shi. Masu aiki da manyan alƙaluma sukan tsallake rigimar ta hanyar NumPy, inda `numpy.zeros((44, 18))` ke shimfiɗa gurabe 792 masu zaman kansu a umarni ɗaya. Amma wanda ya gudu can bai fahimci igiya da abin da ta ɗaure ba, zai sake gamuwa da su a wata kwana.

Sifili ma magana ce

Ko da sahu-sahu sun rabu lafiya, saura tambaya ta biyu, wadda littattafan koyon manhaja ba su cika tsayawa a kanta ba, ɗan jarida kuwa bai isa ya tsallake ta ba: me za a zuba a gurbin da ba a san abin da ke cikinsa ba?

Hannu yana saurin kai wa ga sifili, domin yana kama da babu. Amma sifili a jadawalin zaɓe jimla ce cikakkiya: an yi zaɓe, an ƙirga, wannan jam'iyya ba ta samu ko ƙuri'a ɗaya ba. Wannan daban yake da a ce sakamako bai iso ba. Daban yake da a ce an soke zaɓen wurin. Daban yake kuma da a ce ba a yi zaɓe ba tun farko, kamar rumfuna 240 da hukumar zaɓe ta sanar a 2023 cewa babu mai rajista ko ɗaya a cikinsu, abin da ya sa aka shirya kaɗa ƙuri'a a 176,606. Yanayi huɗu ke nan, kuma wanda ya shimfiɗa jadawalinsa da sifili ya ɗinka musu riga ɗaya.

Mutanen Kano sun san nauyin wannan bambanci. Zaɓen gwamna na 9 ga Maris 2019 an ayyana shi a matsayin wanda bai kammala ba, saboda ratar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu ba ta kai yawan masu rajista a wuraren da aka soke ba, ciki har da mazaɓar Gama. Sai da aka koma ranar 23 ga Maris. Duk takaddamar ta rataya ne a kan cewa wurin da aka soke ba a lissafa shi a matsayin wurin da aka ci sifili. Jadawalin da ba zai iya bambance waɗannan biyu ba ba zai iya ba da labarin wannan zaɓe ba.

Python tana da kalma ta musamman ga abin da babu shi, wato `None`. Kamar lamba, ba ta sauyuwa, saboda haka ninka ta cikin sahu ba shi da haɗari:

```
jadawali = [[None] * 18 for _ in range(44)]
```

Amfaninta shi ne tana da baki. Ka ce a tara sahun da har yanzu akwai `None` a cikinsa, Python za ta tsaya ta ce ba ta iya haɗa lamba da babu. Sabon shiga yakan ji haushin wannan, ya ga kamar ana hana shi aiki. A gaskiya gata aka yi masa: an mayar da kuskure mai shiru ya zama mai ihu. Sifili kuwa zai shige cikin lissafi lami lafiya. Ka ɗauki matsakaicin fitowar masu zaɓe a ƙananan hukumomi 44 alhali goma ba su iso ba, sifili goma za su ja lambar ƙasa, ka buga cewa mutane sun ƙaurace wa zaɓe.

Wannan ba ya nufin an haramta sifili. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce. Idan gurbin na ƙirga ne, kamar ƙwaryar da za a riƙa jefa tsakuwa a ciki, to daga sifili ya kamata ya fara, domin kafin a jefa ta farko babu ko ɗaya, kuma wannan gaskiya ce. Idan gurbin na jiran labari ne daga wani wuri, to `None` ce ta dace, domin gaskiyar ita ce ba mu sani ba tukuna. Masu amfani da pandas, kundin da Wes McKinney ya fara a 2008, suna da alamar `NaN` mai irin wannan aiki, sai dai ita idan ana tarawa tsallake ta ake yi ba tare da sanarwa ba. Saboda haka duk jimillar da za ta fita daga hannunka, ta fita tare da adadin guraben da ba su cika ba.

Abin da muka riga muka sani

Da na zauna na yi tunani, sai na ga babu ɗaya daga cikin darussan nan biyu da yake sabo ga ɗan jarida. A shekarar farko ake koya mana cewa jaridu biyar da suka buga labari ɗaya ba majiya biyar ba ne, idan duk daga kamfanin dillancin labarai ɗaya suka ɗauko, ko daga bakin mai magana da yawu ɗaya. Kafin a ce an tabbatar da labari, sai an bi kowace igiya an ga inda ta ƙare. Malaman hadisi sun riga mu da ƙarnuka: ba su tsaya ga yawan hanyoyin da ruwaya ta zo ta kansu ba, sai sun bincika ko hanyoyin masu zaman kansu ne ko duk a kan mutum ɗaya suka haɗu. Tambayar `is` ke nan. An kuma koya mana cewa “bai ce komai ba” daban yake da “ba mu same shi ba”, kuma editan kirki ba ya barin a rubuta ɗaya a madadin ɗaya. Wannan shi ne sifili da `None`.

Shi ya sa nake ganin waɗanda suka zo wa manhaja daga aikin jarida, ko shari'a, ko lissafin kuɗi, ko aikin asibiti, ba su zo hannu rabbana ba, ko da sun ji kamar baƙi ne a cikin injiniyoyi. Ma'aikaciyar jinya ta san bambancin majinyacin da ba shi da zazzaɓi da wanda ba a auna ba. Akanta ya san rasiti biyu na iya zama na ciniki ɗaya. Abin da ya rage shi ne su gane cewa kwamfuta ba ta da wannan hankali, kuma ba za ta aro shi ba sai an rubuta mata.

Ga mai farawa, abin da zan ce ya riƙe bai wuce uku ba. Ninka lamba da alamar ninkawa babu laifi, amma jeri gina shi ake yi sabo a kowane zagaye. Kafin ka zuba komai, tambayi sahu biyu ko mutum ɗaya ne. Sannan ka zaɓi ƙimar farko kamar yadda kake zaɓar kalma a kanun labari, domin idan sakamako bai iso ba, ita ce za ta yi magana da yawunka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, jadawali kuma tun yana fanko ake gyara shi.